Ɗaya ta daskare, ɗaya ya gagara, ɗaya tana faɗuwa: me malamar aji za ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ni ce malamar ajin JSS 2, ɗalibai 83, maza da mata. Yara uku sun tsaya mini a rai. Ta farko tana da ƙoƙari a rubuce, amma da na kira ta gaban allo sai ta daskare, ko sunanta ba ta iya faɗa, ranar gwaji kuma kullum cikinta na ciwo. Na biyu yaro ne da ya addabi aji da tsokana da faɗa. An yi bulala, an yi kamun kunne, an kira mahaifinsa, amma kamar zuga shi ake yi. Ta uku kuma sau biyu ke nan a zangon nan tana faɗuwa, numfashi sama-sama, yatsu a ƙandare, aji ya kaure da ihu ana cewa aljanunta ne suka tashi. Makarantarmu ba ta da malamin ba da shawara. Me zan iya yi ni kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibai 35 zuwa 40 a sakandare, ke kuma an ɗora miki ninki biyu har da ɗoriya, amma duk da haka kin iya ware yara uku kin faɗi halin kowannensu dalla-dalla. Wannan lurar ita ce jarin aikin nan. Na daɗe ina riƙe da alli kafin in koma ɓangaren ba ɗalibai shawara, kuma babu makarantar da na zauna ban tarar da irin waɗannan ukun ba. A ido sun sha bamban. In aka tona kuwa, sau da yawa saiwarsu ɗaya ce: jiki ne ya ji alamar haɗari, ya rasa ta inda zai fita.

Kin taɓa lura da kaji a tsakar gida idan shirwa ta kawo sura? Wani ɗan tsako ya ruga ƙarƙashin rumbu, wani ya lafe a ƙasa ko motsi babu, uwar kuma ta baza fukafukai ta yi kan shirwar. Babu wanda ya tsaya shawara a cikinsu, jiki ne ya zaɓa. Haka Allah ya halicci ɗan Adam ma. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, likitoci na kiransa amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantancewa, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, jini ya janye daga hanji ya tafi gaɓoɓi. Mai gadin nan kuwa bai bambance shirwa da dariyar 'yan aji 82 ba. Don haka ciwon cikin da yarinyarki ke yi ranar gwaji ciwo ne na gaske, ko da an auna ba a ga komai ba.

Ke da kike koyar da lissafi za ki fi kowa gane abin da ke biyo baya. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi ƙarami ne ƙwarai, kamar ɗan faifai ne da ba ya ɗaukar fiye da abu uku ko huɗu a tashi ɗaya. Da shi yaro ke riƙe 2 a ka yana ninka lamba ta gaba. Idan “za su yi mini dariya” ta hau faifan, “Malama za ta ce ni daƙiƙiya ce” ta biyo baya, ina lissafi zai zauna? Karatun yana nan bai gudu ba, hanyar ɗauko shi ce ta toshe. Sannan sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke ja wa mutum linzami, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗan shekara 13 ingarma ne da ba a gama sa masa linzami ba. Shi ya sa nake bin abin a jere: a fara kwantar da jiki, sannan a yi magana, sannan a zo kan gyara ko hukunci. Mu malamai mun saba farawa daga ƙarshe, alhali nasihar da aka yi wa yaron da zuciyarsa ke tafasa ɗiban ruwa ne da kwando.

Kada ki ɗauka ajinki ne ya yi rashin sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 a duniya, ɗaya yana fama da wata lalura ta tunani, kuma fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa. In aka ɗora wannan a kan 83, yara 11 ko 12 ke nan. Ba ma ganinsu ne saboda yaranmu ba sa cewa “ina da damuwa”. Cewa suke “kaina na zafi”, “ƙirjina ya yi nauyi”, “gabana na faɗuwa”. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta yadda ɗaliban Najeriya ke zuwa masa da kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a ciki, da karanta shafi a kasa riƙe ko layi ɗaya. Har yau da wannan harshen suke magana, musamman in jarrabawa ta ƙarato.

Mu fara da mai daskarewa. Ta hanya biyu ake kuskure da irinta. Ta farko kowa ya san ta: a tsayar da ita gaban allo ana “ke muke jira”, aji na ƙyalƙyala dariya. Ta biyun ta fi yaudara domin kama take da tausayi: a ce ai Allah ya yi ta mai kunya, a daina kiranta gaba ɗaya, ranar gwaji a ce ta je gida ta kwanta. Duk ranar da ta kuɓuta daga abin da take tsoro takan ji sanyi a ranta, sanyin nan kuma shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai allo abin gudu ne. Haka tsoron ke ƙiba, bana allo, baɗi ajin, gaba makarantar ɗungurungum. Ki kuma raba wannan da kunya. Mai kunya tana sunkuyar da kai ta ba da amsa a hankali. Wadda muryarta ta ɗauke, gwiwa na kaɗawa, tafin hannu ya jiƙe sharkaf, ba kunya ke damunta ba.

Ki kira ta lokacin tara, ke da ita, ba a ofishin malamai ba inda ido goma ke kanta. Ki ce mata: “Na ga aikinki a littafi, kin iya. Na kuma lura in na kira ki gaban allo gabanki na faɗuwa. Haka ne?” Sai ki yi shiru ki jira ta. Kada ki ce “ai ba komai” ko “ki daina jin tsoro”, in da tana iya dainawa da tuni ta daina. Kiran abin da sunansa kaɗai yana rage masa kaifi. Daga nan ku shirya tsani tare, da saninta. Makon farko ta riƙa faɗa wa ta kusa da ita amsa. Na gaba ki biyo ta bencinta ta faɗa miki a hankali. Sai ranar da za ki ce mata, “Gobe zan tambaye ki lamba ta 3, ki shirya,” ta amsa daga inda take zaune. Sai ta fita allo da ƙawarta, ita ta rubuta, ƙawar ta yi bayani. Can gaba sai ita kaɗai. Ba a barin mataki sai faɗuwar gaban ta ragu a kansa, kuma in ta zame, a koma na baya ba tare da faɗa ba. Abin da za ki yaba shi ne tashin da ta yi, ko amsar ta zo daidai ko ba ta zo ba, kuma a asirce. Irinta in aka ce aji ya tafa mata, sai ta gwammace ƙasa ta tsage.

Akwai abin da zai amfane ta ya amfani ajin duka. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta tarar malami in ya yi tambaya daƙiƙa ɗaya kacal yake jira kafin ya tsallake zuwa wani. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, “ban sani ba” ta ragu. Ki yi tambaya, ki ƙirga 5 a zuci, sannan ki kira suna. Ko kowa ya rubuta amsarsa a bayan littafi a ɗaga gaba ɗaya. Dariyar kuskure kuwa ki kashe ta tun ranar farko, ba sassauci.

Numfashi ma ki koya wa kowa, kada ya zama tambarin mutum ɗaya. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar ta baki a hankali ana ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi, sau biyar. Tsawaita fitar da numfashi ne ke rage gudun zuciya. A riƙa yi kullum a farkon darasi lokacin da hankali ke kwance, domin abin da ba a saba da shi cikin natsuwa ba, ba ya zuwa ranar firgici. Kowa ya haɗa da addu'ar da ya saba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago sun sa ɗalibai su yi minti 10 kafin jarrabawa suna rubuta abin da ke tsorata su game da ita, kuma waɗanda suka fi fargaba makinsu ya tashi. Ba kowa yake wa aiki ba, amma fallen takarda kawai yake ci. Ciwon cikin kuma ki tuntuɓi mahaifiyarta: al'ada ce, yunwa ce, tsutsa ce, gyambon ciki ne? In ciwon bai san Asabar da Lahadi ba sai ranar gwaji, to ta kurɓi ruwa, ta yi numfashinta, ki zaunar da ita kusa da ƙofa, ta rubuta gwajinta.

Yaron kuwa a kansa zan daɗe, domin irinsa muka fi zalunta muna ganin gyara muke yi. Ruwa ba ya tsami banza. Halin da aka yi ta hukuntawa bai daina ba, akwai abin da yake saya wa mai shi wanda ya fi masa zafin bulala daraja. Ki samu ɗan littafi, mako ɗaya ko biyu, duk sanda ya tayar da fitina ki rubuta abu uku: ƙarfe nawa, me ake yi daf da lokacin, me ya samu bayan ya yi. Ki roƙi malamai biyu su taya ki.

Na taɓa samun wani yaro dogo, ya girmi 'yan ajinsu da shekara biyu, malamai duk sun sallama shi. Na zauna bayan ajin kwana huɗu ina rubutu. A darasin aikin gona da filin wasa lafiya lau, har shi ke tsawata wa wasu. Amma da malamin Turanci ya ce a buɗe littafi za a yi karatu layi-layi, in ya rage mutum biyu a zo kansa, sai ya ja kunnen na gabansa ko ya shure benci. A fitar da shi, a zuba masa bulala shida, ya dawo yana murmushi an wuce layinsa. Bayan an tashi na kira shi, na miƙa masa littafin 'yan firamare 3. Ya riƙe shi ya daɗe, yatsansa a kan kalmar farko, sai ga hawaye ya ɗiga a takardar. Bai iya karatu ba. Shekara biyu yana sayen rufin asirinsa da gadon bayansa, domin a wurinsa gara a ce masa tantiri da a ce masa daƙiƙi. Ni ma ina cikin waɗanda suka taɓa dukansa kafin ranar, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ba na ce naki haka yake ba. Nasa yana iya zama yunwa, ko barcin da bai ishe shi ba. Ɗan shekarunsa na bukatar awa 8 zuwa 10, shi kuwa wataƙila yana shagon babansa ko garejin ubangidansa har sha ɗayan dare. Yana iya zama ido ne ba ya ganin allo, ko gida ne ake kwana ana faɗa, ko ya fara taɓa ƙwaya irin su taramol. Akwai kuma yaran da tun suna ƙanana ba sa iya zama wuri ɗaya ko tsayar da hankali, a gida da islamiyya da boko duka, wannan lalura ce da likitoci suka sani kuma akwai taimako a kanta. Ɗan littafin nan ne zai nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Na san za a ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da bulala aka raine mu. Gaskiya ne ana tanƙwara ɗanyen icce, amma a hankali ake yi, wanda ya sa ƙarfi karya shi yake yi. Kuma wannan magana ba daga Turai ta taso ba. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, da ya rasu a 870, a littafinsa kan ladubban malamai ya iyakance dukan ladabtarwa ga bulala uku sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya kuma soki malamin da ke duka don huce fushinsa. Ki auna wannan da abin da ake yi a filin asembili. Ibn Khaldun, da ya rasu a 1406, ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima kan cewa tsanani na cutar da ɗalibi, yana kashe masa karsashi, ya koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira daga hannun mai duka. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa ce masa “tir” ba, bai taɓa ce masa “don me ka yi kaza” ba. Binciken zamani zuwa ya yi ya tarar da su: a 2016 an tattara nazarce-nazarcen shekara 50 kan yara sama da 160,000, aka ga dukan da iyaye ke yi yana tafiya ne da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa. Ke da bakinki kin ce kamar zuga shi ake yi.

Ajiye bulala ba ajiye doka ba ne. Yaro irin wannan ya fi kowa bukatar iyaka, amma iyakar da ba ta canzawa da yadda malami ya tashi. Idan ya fara, kada ki ɗaga murya daga gaban allo, kin ba shi dandali da 'yan kallo ke nan, kuma namiji mai tashen balaga gara ya sha duka da a ga ya rusuna a gaban 'yan mata. Ki ci gaba da darasinki kina takawa har ki iso bencinsa, ki rage murya yadda shi kaɗai zai ji: “Ko ka koma kan lamba ta 2, ko ka dawo bencin gaba. Zaɓi ɗaya.” Sai ki wuce. Kada ki tsaya a kansa kina jira, ki bar masa sararin da zai bi umarni ba tare da an ga ya sha ƙasa ba. In kuwa zuciya ta riga ta ɗebe shi, yana huci, ido ya kaɗa, lokacin magana ya wuce. Annabi (SAW) ya koya wa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ki lura, da jiki aka fara. Ki tura shi ya wanko fuska ya dawo cikin minti biyar, aikin da ya bari kuma yana nan yana jiransa, kada fitar ta zama hanyar tsere wa darasi. Bayan an tashi sai ku zauna: me ya faru, wa aka cuta, yaya za a gyara. Wanda ya yaga littafin wani ya kwafe masa darasin da ya ɓata. Wanda ya karya benci ya tsaya ya riƙe wa kafinta ƙusa.

Ki kuma gwada wannan: minti biyu kullum, kwana goma a jere, ki yi hira da shi kan abin da bai shafi laifinsa ba, ƙwallo, tattabarunsa, sana'ar da yake koyo. Kwana ukun farko zai riƙa kallonki yana jiran tarkon. Ki daure. Ki damƙa masa wani aiki na amana, ko riƙon alli da dasta ne. Yaron da duk abin da manya suka sani game da shi laifinsa ne, ba shi da sunan da zai kare.

Ga aji mai 83, ki daina sa monita rubuta sunayen masu surutu, wannan gaba kawai yake haifarwa. Akwai wata dabara da aka fara gwadawa a Kansas ta Amurka a 1969. A raba aji rukuni-rukuni, ke kina iya bin layukan benci. A rubuta doka uku a allo, a ce daga yanzu zuwa minti 10 wasa ya fara. Wanda ya saɓa, a ja wa rukuninsa layi ɗaya, ba faɗa, ba ambaton suna. Duk rukunin da bai wuce layi huɗu ba ya ci, ko da dukansu ne, ladan kuma ƙarami, kamar fara fita tara. A Baltimore an bi yaran da aka yi wa wannan a farkon firamare har suka kai shekara 19 zuwa 21, aka tarar shaye-shaye ya ragu a cikinsu, musamman mazan da suka fi fitina tun farko. In yaronki ya fara jawo wa rukuninsa faɗuwa da gangan, ki mayar da shi rukunin kansa na ɗan lokaci.

Kiran mahaifi, yadda muke yinsa, sammaci ne. Uba ya bar kasuwarsa ya zo ya ji kunya a gaban malamai, ya koma gida ya sauke a bayan yaron, gobe yaron ya sauke a kan wani ƙarami. Ki nemi abu ɗaya mai kyau da ya yi a mako ki aika wa uban. Sannan ki tambaye shi: “Malam, kai ka fi ni saninsa, me ke kwantar masa da hankali a gida?”

Ta ukun ce ba za ki jinkirta ba. Kafin kowa ya ce damuwa ce, sai likita ya duba ta, domin faɗuwa na da dalilai da yawa: farfaɗiya, asma, ƙarancin jini, sikila, ciwon zuciya, ko zuwa makaranta ciki babu komai a zafin Afrilu. Abin da kika kwatanta dai ya yi kama da firgici mai sa numfashi da sauri. Yawan fitar da numfashi yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai leɓe da yatsu su ji kamar ana tsira musu allura, yatsun su lanƙwashe su ƙame, jiri ya ɗebi mutum. Ganin hannunta ya ƙandare sai ya ƙara firgita ta, numfashin ya ƙara gudu. Yakan kai maƙura cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka. In ya sake faruwa, abu na farko a watsa taro, a bar mata ƙawa ɗaya. Ki durƙusa daidai fuskarta, ki kira sunanta da murya ƙasa-ƙasa: “Ina nan, zai wuce, bi numfashina.” Ba a sheƙa mata ruwa, ba a mari, ba a rufe mata fuska da leda. In kuwa jiki ne ya sandare sannan ya hau fizga, ba ta san inda take ba, ta ciji harshe ko fitsari ya zubo, wannan ya fi kama da farfaɗiya: a kwantar da ita ta gefe, a kawar da benci, kada a cusa cokali ko wani abu a bakinta, miyaunta kuma ba ya sa wa kowa cutar. In fizgar ta wuce minti 5, asibiti nan take. Mai asma da ƙirjinta ke kuka kuwa maganin shaƙarta take bukata, ba lallashi ba.

Batun aljanu, ba zan yi musu da imanin kowa ba, ke ma kada ki shiga wannan gardamar da iyaye, rasa su za ki yi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ki ce a ci gaba da addu'a, a kuma je a auna. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da yarinya abin kallo, a danne ta, ana duka ana turnuƙe ta da hayaƙi da sunan magani. Abin kuma yana yaɗuwa ta ido da kunne. Makarantun 'yan mata a Arewa da Nijar sun sha ganin ɗaya ta faɗi da safe, kafin azahar goma sun bi ta. Raba su da juna da sassauta murya ne ke yanke shi.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ki zauna da ita. A wurinmu yarinya ba ta cika samun bakin cewa “ba na so” ba, sai jiki ya faɗa a madadinta. Na ga wadda baikon da ba ta so ne, na ga wadda mahaifiyarta ce ta rasu aka hana ta kuka, na ga wadda wani babba ne ke tare ta a hanya. In kuma makarantarku na yankin da aka ga satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, ko kuna da yaran da aka koro daga ƙauyukansu, to wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙarar babura kaɗai ta isa. Irin wannan yarinya ba a matsa mata ta ba da labari. Ki ce mata ƙofarki a buɗe take, ki riƙa sanar da aji kafin duk wani canji, ki bar ta ta zauna inda take ganin ƙofa.

Akwai inda aikin ya fi ƙarfin malamar aji. In ɗalibi ya ce gara ya mutu, ko kin ga yanka a jikinsa, ko ya daina ci da barci da shiga mutane sama da mako biyu, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya faɗa miki ana cin zarafinsa, ranar za a ɗauki mataki. Ki tambaya kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a gaya wa na gida su kawar da fiya-fiya da magunguna. Tun farko kada ki yi alkawarin rufe kowane sirri, ki ce: “Zan riƙe maganarki, sai dai in rayuwarki na cikin haɗari, a nan zan nemo mai taimaka mana, kuma sai na fara gaya miki.” In wanda ake zargi ɗan gida ne, ba gidan za ki fara zuwa ba, sai wurin shugaban makaranta da ofishin walwalar jama'a. Babban asibiti mafi kusa zai iya tura ku gaba, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Iyaye za su ce 'yarsu ba mahaukaciya ba ce, ki tabbatar musu gaskiyarsu, mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar.

Kin ce ke kaɗai. Ki nemi malama ɗaya da ranku ya zo ɗaya, ku je wurin shugaban makaranta tare ku roƙi benci guda a inuwa, nesa da ofishin malamai, da izinin fitar da yaro minti biyar ba tare da an bi shi da dorina ba. Ranar da ke kanki kika shigo rai a ɓace, ga albashi bai shigo ba, ga ɗa ba lafiya a gida, ki ɗage duk wani hukunci zuwa gobe. A wannan makon kuma ki fara da mahaifiyar mai faɗuwa. Ki rubuta mata a takarda ranakun da abin ya faru, ƙarfe nawa, me ake yi a aji, ko yarinyar ta karya, minti nawa ya ɗauka, ko tana jin magana a lokacin, ta kai wa likita, domin shi ba zai ga faɗuwar da idonsa ba.